Dogon Akwatinmu na Zuwa Ingila

Ina aji biyar a firamare aka zaɓi Babanmu zuwa ƙaro karatu a Ingila. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Gombe, muna zaune a gidan haya a Jekadafari, can cikin wani lungu da ruwan damina ya cinye har mota ba ta iya shiga. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara shigo wa gwamnati, ana ta tura malamai ƙasashen waje kamar ana aiken yara kasuwa. Aka ce wa Baba karatun zai ɗau shekaru, don haka yana iya tafiya da iyalinsa: Mama, da ni, da ƙanena, da autarmu wadda ba ta daɗe da fara magana ba. Mu za mu hau jirgin sama daga Kano. Kayanmu kuwa za su bi jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can su shiga jirgin ruwa, su same mu ranar da Allah ya yi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta cikin tafiyar. Dama daga ƙauyenmu na kudancin Gombe ta zo jinyar ƙafa. Ƙafar ta warke tuntuni, ta ƙi komawa, ta ce ruwan famfo ya karɓe ta. A gidan kowa Kaka yake ce mata, har ɗan da ta haifa. An shirya za ta koma ƙauye idan mun tashi, amma a wajen haɗa kaya ta fi mu masu tafiyar zaƙewa.

Baba ya samo akwatunan katako na ganyen shayi a wani kanti, ya jera su a tsakar gida, ya ce kada a ɗauki komai sai tufafi da littattafai. Wani abokin aikinsa da ya taɓa zuwa can ya tabbatar masa komai akwai.

"Malam," in ji Mama, don haka take kiransa, "shi abokin naka ya taɓa daka yaji a rayuwarsa?"

"Ina jin bai taɓa ba."

"To ina ya san komai akwai? Turmina zai tafi."

"A bene fa za mu zauna, akwai mutane a ƙarƙashinmu. In kika fara daka, Bature zai ɗauka rufin ɗakinsa ne zai rufto masa."

"Sai in aika masa ya ɗanɗana, a zauna lafiya."

Turmi ya shiga akwatin shayi, aka cusa masa zannuwa a ciki. Daga turmi sai tukwane, daga tukwane sai rariya da faifai da ludayi. Matsalar da ta rage ita ce dogayen kaya: taɓarya, muciya, tabarmi, da ƙarafunan gadon Mama na aure, wanda ta rantse ba za ta bar wa ɓeraye da 'yan'uwan Baba ba. Babu akwatin shayin da zai ɗauke su. Sai Baba ya kira kafintan majami'armu.

Dattijo ne mai sanyin murya, bai san faɗa ba. Shi yake yin bencinan majami'a, kuma idan wani a cikinmu ya rasu, shi yake yin akwatin gawa. Ya zo ya kwantar da taɓaryar a ƙasa, ya auna ta da igiya daga sama har ƙasa, ya tsaya ya dube ta, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki." Da Baba ya lura da wannan, da wataƙila ya nemi wani kafintan.

Da ya kawo aikin, duk gidan muka fito muka kewaye shi. Akwatin yana da faɗi a wajen kafaɗu, ya tsuke a wajen ƙafafu, an goge shi an shafa masa mai har yana ƙyalli.

"Baba kafinta," in ji Baba, "mene ne wannan?"

"Wallahi Malam, na so in yi shi a miƙe. Hannun ne ya ƙi. Ina duba sai na ga na riga na yanke." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ai kan gadon naku ya fi ƙafarsa faɗi. Za ka ga ya zauna daram."

Ya kuwa zauna daram. Babu lokacin sake wani, don ranar Asabar motar da za ta kai kayan tashar jirgi za ta zo. Baba ya ɗauko fenti ya rubuta sunansa da inda za mu a kan murfin, ya ja da baya ya duba, sai ya ga abin ya ƙara muni.

Kaka ce kaɗai akwatin ya burge. Ta ƙwanƙwasa shi, ta shafa, ta ce wa kafinta hannunsa da albarka. Daga ranar, da zarar Baba ya tafi makaranta sai ta ɗaga murfin ta ƙara wani abu. Na kama ta tana cusa ƙullin daddawa a tsakanin tabarmi, manya-manya, wadda ta isa miyar unguwa guda. Ta ba ni ƙuli-ƙuli, na ga ban ga komai ba. Wata rana muna cin tuwo ta tambayi Baba ko akwai duwatsu a Ingila. Baba ya yi dariya har ya ƙware, aka ba shi ruwa, zancen ya wuce.

Ƙanena kuwa gareji ya mai da akwatin. Yana da wata motar waya da ya ƙera da kansa, mai tayoyin marfin kwalba, kullum a can yake ajiye ta don kada auta ta taka. Da sassafen Asabar kafinta ya zo ya buga ƙusoshi, yaron yana barci.

An yi ruwa da asuba, lungu ya yi caɓi. Motar ta tsaya a bakin titi. 'Yan dako suka fara kwashe akwatunan shayi a ka, ba wanda ya kula su. Da aka zo kan dogon akwatin, mutum biyu suka kama suka kasa ko motsa shi. Huɗu suka kama, ɗaya ya ce, "Malam, wa ke ciki?" aka yi dariya. Sai da aka tara mutum shida suka ɗora shi a kafaɗa. Baba bai so unguwa ta ga siffar abin ba, don haka ya ɗauko farin zanen gado ya lulluɓa masa.

Ya kamata in faɗi abin da Baba ya saka a ranar. Ya sayi baƙar kwat da baƙar hula don tafiyar, ya ce zai fara saka su tun daga zuwa tasha domin jiki ya saba. Hular ta matse shi, sai ya cire ya riƙe a ƙirji. Takalman sababbi ne, don haka ya sunkuyar da kai yana duba inda zai taka. Shi ne a gaba. Masu akwati suna binsa a hankali saboda nauyi da santsi. Mama ta leƙa ɗakinta ta gan shi wayam, ko gado babu, sai ta fashe da kuka, ta biyo su tana share hawaye da bakin zane. Ƙanena ya farka ya gane inda motarsa take, ya biyo da gudu yana ihu, "Ku buɗe! Ku buɗe ku fito min da ita!" Auta kuma tana bayana a goye, tana tsala kuka tana kiran "Kaka! Kaka!" domin Kaka ta saɓe tun da safe ta tafi kasuwa ƙaro barkono ba ta tafi da ita ba. Can ƙarshe ga kafinta da gudumarsa, yana rera waƙar majami'a a hankali, irin wadda bakinsa ya saba da ita idan yana bin aikinsa a baya.

Malam tela na bakin lungu ne ya fara tsayar da kekensa ya miƙe. Dattawan da ke zaune a gindin dalbejiya suka ajiye hirarsu suka tashi. Baba ya ɗaga musu hannu ba tare da ya ɗago kai ba, suka ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Ya ce, "Amin, na gode," yana tsammanin caɓin suke nufi.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Bafulatana da muke kira Dada, ita ce ƙawar Kaka. Kullum da yamma suna zaune a ƙofar gida, wannan tana Fulatanci, waccan tana yarenmu, su haɗu a tsakiya da Hausar da ba ta ishi ɗayansu ba. Dada ta fito ta ga farin zane, ta ji auta tana kiran Kaka, sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Jiya-jiyan nan muka rabu! Jiya ta ci min goro!"

Kafin mu kai rabin lungu mata sun kewaye Mama. Ɗaya ta kama hannunta ta ce, "Sannu, Maman yara. Yaushe abin ya faru?"

"Ai mun daɗe da sani," in ji Mama cikin kuka. "Amma da na ga an ɗauka an fita, sai zuciyata ta karye."

"Haka ne. Ƙauye za a kai?"

"Legas tukuna. Daga can a haye ruwa."

Matan suka kalli juna. Wata ta ce a hankali, "To, wataƙila wasiyya ta bari." Mama tana fyace hanci, ba ta ji ba. Ni na ji, na kuma fara gane inda aka dosa, amma yarinya ce ni, kuma gaskiya ban taɓa ganin mutane suna buɗe mana hanya haka ba.

Da muka fito bakin titi mun zama taro. Direban motar ya hango mu, ya diro daga kan buhunan gyaɗa, ya tare bayan motarsa da hannu biyu.

"A'a, Malam! Ba mu yi haka da kai ba. Kaya ka ce min."

"Ai kayan ne," in ji Baba.

Bai rufe baki ba sai ga Fasto a kan keke, yana haki, ƙafar wandonsa ɗaya a cikin safa. Wani yaro ne ya kai masa labari.

"Malam, ko me ya yi zafi, a ce za ka fitar da ita ba addu'a, ba a ko sanar da ni ba?"

"In fitar da wa, Baba Fasto?"

A nan ne Baba ya juya, karo na farko tun fitowarmu, ya ga abin da ke bayansa. Na ga bakinsa ya buɗe. 'Yan dako sun sauke akwatin a kan benci biyu da wani mai kirki ya kawo da gudu. Rana ta fito bayan ruwa, ta fara dukan katako, daddawar Kaka ta fara sanar da kanta. Na kusa suka ɗan ja baya. Wani dattijon majami'a ya matso ya ce, "Malam, a hanzarta. Kai ma ka ji."

"Jama'a!" Baba ya ɗaga murya. "Babu kowa a ciki! Taɓarya ce!"

Dattijon ya dafa kafaɗarsa. "Taɓarya ce kam, ɗana. Ta daku a kanku, ta yi aiki. Ka yi haƙuri."

Baba ya fizge farin zanen don su gani da idonsu. Suka kuwa gani: ga kafaɗu, ga ƙafafu, ga ƙyalli, ga suna a rubuce a murfi. Mata suka ƙara sautin kuka. Kafinta ya yi ƙoƙarin yin bayani, amma muryarsa ba ta taɓa wuce gemunsa ba, kuma ganinsa a wurin da guduma bai taimaka ba. Baba ya damƙo hannuna ya ce, "Ruga gida. In Kaka ta dawo, ki kawo min ita ko a ka ne."

Na miƙa wa Mama auta na ruga. Tun daga ƙofa na ji waƙa. Matan zumunta na majami'armu sun cika tsakar gida, sun zo da tabarminsu tunda namu suna cikin akwati, har an hura wuta an ɗora tukunyar kunu. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ban ga Kaka ba. Sai na hango kwandonta na kasuwa a gindin bango, barkono a ciki, ga wata mata a gefensa ta lulluɓe kai da fuska da mayafi tana rizgar kuka fiye da kowa. Ashe ta ƙofar baya ta shigo, ta tarar ana makoki a gidan ɗanta, ba ta tsaya tambaya ba ta zauna ta kama.

Na durƙusa na ce, "Kaka."

Ta leƙo da ido ɗaya, ta tambaye ni da yarenmu, "Wa ya mutu?"

"Ke."

"Ni?"

"Haka suka ce. Baba ya ce ki zo."

Daidai lokacin waƙa ta ƙare, shugabar zumunta ta miƙe ta fara magana a kan marigayiya. Kaka ta riƙe min wuyan hannu ta ce, "Bari ta gama." Ta gyara lulluɓinta ta kasa kunne.

Shugaba ta ce Kaka mace ce mai haƙuri, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Kaka ta gyaɗa kai a cikin mayafi, duk da a makon nan ta kori mai itace da muciya. Ta ce hannunta a buɗe yake. Kaka ta sake gyaɗa kai. Ta ce ta riƙe surukarta kamar 'yar cikinta. Kaka ta yi wani ɗan nishi na yarda. Sannan shugaba ta ce, "Amma mu gode wa Ubangiji, ta huta. Dama tsufa ya ci ƙarfinta, ko tuwon kirki ba ta iya tuƙawa."

Kaka ta yaye mayafi ta miƙe tsaye. "Wa ya ce miki?"

Ban taɓa sanin matan nan suna da gudu haka ba. Wadda ke gefenta ta bi ta kan tukunyar kunu. Shugaba ta shige ɗakin Mama ta rufo ƙofa, sauran suka yi cunkoso a zaure, kowacce tana kiran sunan Yesu da yarenta. Dada ce kaɗai ba ta gudu ba, don ƙafarta ba ta gudu. Ta matso ta latsa hannun Kaka, ta sake latsawa, sannan ta kai mata duka a kafaɗa. "Ba ki da kirki! Na yi asarar hawayena." Kaka ta ce ai ta ga wanda ya yi kuka da gaske da wanda ya zo shan kunu, kuma ta riƙe su duka a ranta.

Haka muka koma bakin titi, Kaka a gaba tana taku ɗai-ɗai, matan zumunta suna biye daga nesa. Taron can ma ya watse ya sake haɗuwa. Fasto ya cire tabarau ya goge ya mayar. Dattijon da ya yi wa Baba ta'aziyya ya ce dama shi tun farko ya ga abin bai yi kama ba.

Direba dai ya ce shi bai san tsohuwar nan ba, ba kuma ita ce damuwarsa ba. Wani abu yana wari a cikin akwatin nan, kuma ba zai hau motarsa ba sai ya gani. Kafinta ya zare ƙusoshi, unguwa ta leƙa. Ƙanena ya cafke motarsa ya ruga. Aka ɗaga tabarmi, daddawa ta bayyana, mutane suka yi ajiyar zuciya, wasu matan ma suka yaba kyanta. A wajen ƙafafun akwatin kuma aka ga wasu ƙulle-ƙulle guda uku, kowanne an naɗe shi da sabuwar rigar sanyin da Baba ya saya don Ingila. Ya kwance ɗaya. Dutsen murhu ne, baƙi ƙirin da hayaƙi. 'Yan dako suka dubi kafaɗunsu, suka dubi Kaka.

"Kaka," in ji Baba, "duwatsu? Har Ingila?"

"Na tambaye ka ko akwai su a can, ka yi min dariya. A kan me matarka za ta ɗora tukunya? A kan littafi?"

Aka fitar da duwatsun, Kaka tana cewa kada wanda ya zo mata da kuka in an je babu. Daddawa kuwa Mama ta tsaya mata, ta koma ciki. Fasto ya ce tunda an riga an taru, bari a yi addu'a, ya roƙa wa akwatin sauka lafiya, Musulmi da Kirista suka ce amin. Kafin a ɗora shi, direba ya karɓi alli daga aljihun Baba ya rubuta a gefen akwatin da manyan baƙaƙe: BA GAWA BA CE. Baba ya hau gaban mota da rigunan sanyinsa masu toka a cinya.

Abincin makoki kuma bai san an fasa ba. Har yamma ana shigowa da kwanuka, tuwo, dambu, shinkafa, daga gidajen da labari na biyu bai kai musu ba. Mu kuwa ko tukunya ba mu da ita, don haka ba mu mayar da ko ɗaya ba. Kaka ce ta zauna a zaure tana karɓa, tana buɗe kowane kwano a gaban wanda ya kawo, in ya iya tsayawa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun da safen nan wani ɗan garinmu ya ba direban motar kudu saƙon rasuwar Kaka ya kai ƙauye. Kwana biyu bayan haka sai ga motar katako a bakin titi, cike da mutanen ƙauyenmu, ƙanen Kaka a gaba, mata suna kuka tun kafin su sauko, wani saurayi yana jan baƙar akuya da aka kawo don a yanka wa masu zaman makoki. Suka shigo lungu suka tarar da Kaka a ƙofar gida tana cin dafaffen rogo tare da Dada. Ƙanen nata ya tsaya cak, ya zauna a ƙasa cikin caɓi, ya ce su da suka baro ana haƙa kabari a can fa? Kaka ta ce a bar ramin, a dasa ayaba.

Da aka gama koke-koke da dariya aka sha ruwa, Baba ya ga ga mota ga 'yan rakiya, ya ce ai sai Kaka ta bi su kawai. Ba ta yi musu ba. Ta rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ta ja kunnena ta ce in na koyo Turancin da zai hana ni gaishe ta a durƙushe, ita da ni ne. A bakin mota ta tsaya ta dubi akuyar.

"Wannan don ni aka kawo ta?"

"Don ke ne, Yaya," in ji ƙanenta.

"To a ba ta ruwa. Kada wanda ya taɓa min ita."

Ta hau gaba kusa da direba, ta sa aka ɗora mata akuyar a ƙafafu. Motar ta tashi, kan akuya a waje ta taga, Dada tana bin su da faɗa cikin Fulatanci har suka sha kwana. Washegari muka kama hanyar Kano.